Inna Tsintau, Wadda Shararta Ta Buɗe Makaranta

Kafin mai gadi ya gama naɗe tabarmar da ya yi sallar asuba a kai, ya san zai ji bokitin ƙarfe yana bugun ƙofar makaranta. Sai ya zare sakata yana miƙa, ya ce, "Uwar tarkace, an iso?"

"An iso, sarkin barci. Na gamu da ɓarayi a hanya, sun ce in gaishe ka, ba su so su tashe ka ba."

Shekara ashirin da bakwai ke nan ana wannan gaisuwar, har yau ba wanda ya ci wani. Daga nan sai ta wuce ƙarƙashin matattakalar bene, inda ɗan sitonta yake, ta ɗaura wani ƙyalle mai aljihu huɗu da 'yarta tela ta ɗinka mata, a kan zanenta shuɗi mai hoton kifaye, ta ɗauki tsintsiya. Aji goma sha biyu ne a makarantar firamaren nan, kuma kafin a kaɗa ƙararrawa duk ta share su.

Sai dai shararta ba irin ta kowa ba ce. Kowa yana korar shara ne zuwa ƙofa. Ita a tsakiyar aji take tara ta, ta tsugunna, ta baje ta da yatsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Guntun fensir aljihun dama. Magogi, ko da ya kai ƙwayar gyaɗa ƙanƙanta, aljihun hagu. Guntun alli da karyayyar rula kowa da gidansa. Duk abin da ta tsinta sai ya yi mako guda a kan teburin malamin ajin. In mai shi bai zo ba, sannan ya shiga gwangwanayenta. Fensir kuwa da ɗan yatsanta take auna shi. In ya fi ƙaramin yatsa tsawo, ta ce, "Wannan da sauran ransa." In bai kai ba, ta ce, "Mara lafiya ne, bai mutu ba tukuna."

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara ita ce ranar girbinta. Yara suna fita da ihu suna watsar da tsofaffin littattafan rubutu, ita tana bin su da buhu. Ta san ba yaron da ke cinye littafi har bango. Kullum akwai shafi biyar, goma, wani lokaci rabin littafi fari fat a baya. Sai ta zauna ta cire su a hankali, ta ware masu layi daban, masu gida-gida na lissafi daban, ta ɗaure da zare, ta danne da bulo, ta jefa kafur a tsakani saboda ɓera da gara.

Wannan ya sa yara suka laƙaba mata Inna Tsintau, sunan ya bi ta har ya cinye na yanka. Ba ta taɓa zama a benci a matsayin ɗaliba ba, ko sunanta ba ta iya karantawa. Wata rana malamin lissafi ya tsokane ta, ya ce, "Inna, ke da ba ki karatu, me za ki yi da takardu haka?" Ta ce, "Malam, ni ban san abin da aka rubuta ba, amma na san inda ba a rubuta ba."

A ƙarshen watan nan Inna Tsintau za ta ajiye tsintsiya. Ba za a sa hotonta a jarida ba, ba za a sa wa wani gini sunanta ba. Amma akwai yara ɗari biyu da goma sha huɗu da suka koma aji a shekarar annoba saboda ita, kuma ya kamata a faɗa tun tana ji da kunnenta.

Wata bakwai makarantar ta yi a rufe. Ciyawa ta cinye filin ƙwallo, gizo-gizo ya yi gida a jikin ƙararrawa. Da aka sassauta dokar kulle, sai ga takardar sharuɗɗan buɗewa. Hedimasta ya tara malamai a gindin bishiya, kowa nesa da ɗan'uwansa, ya karanta musu. Inna tana can gefe tana sharar ganye, kunnenta yana wurin.

Za a raba kowane aji biyu: rabi su zo farkon mako, rabi ƙarshen mako, sauran kwanakin a yi karatu a gida. Kowane yaro ya zo da jakarsa, a ciki da takunkumin fuska, da littafin rubutu biyu, da fensir, da magogi, da rula, da ƙaramin allo na aikin gida. Ba aro, ba bayar da aro, ba taɓa kayan wani. Yaron da ba shi da kayansa a mayar da shi daga bakin ƙofa. Nan da kwana goma jami'in lafiya zai zo ranar buɗewa ya gani da idonsa. In bai gamsu ba, a sake rufewa.

Malamar aji ɗaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ka leƙa kasuwa kuwa? Littafin rubutu ya zama zinariya. Iyayen nan wata bakwai ba sana'a."

Ba ta yi ƙarya ba. Da aka kira iyaye su tabbatar da dawowar 'ya'yansu, yara ɗari biyu da goma sha huɗu ba wanda ya zo a kansu. Wasu iyayen sun aiko cewa sai baɗi. Kowa kuwa ya san baɗin nan: yaron da ya kama bin babansa shago, yarinyar da ta kama reno, ba kasafai suke dawowa ba.

Akwai kuma sharaɗi na ƙarshe, wanda ya sa tsintsiyar Inna ta tsaya cak: kafin feshin magani, a fitar da duk wani tarkace da ke makarantar a ƙone.

Washegari masu feshi suka iso da tankunansu a baya. Sun gama azuzuwa, suka nufo ƙarƙashin bene, suka tarar da Inna ta kife bokitinta a bakin ƙofar sito ta zauna a kai, makulli a ƙulle a bakin zane.

Babbansu ya ce, "Iya, a ɗan ba mu hanya."

"Hanya ga ta nan, ɗana, ta yi gabas ta yi yamma. Nan dai ba hanya ba ce."

Aka kirawo Hedimasta. Shi ne dama wanda ya taɓa rubuta mata takardar gargaɗi har sau biyu a kan sitonta, ita kuma ta cire farin bayan takardar ta adana. Ya zo yana goge zufa, ya ce, "Inna, don Allah kada ki ɗaure min kai. Ba ni na kafa dokar nan ba."

"Ranka ya daɗe, an ce a ƙone tarkace. Ka shiga ka gani. In tarkace ne, ni zan ƙyasta ashana."

Mai gadi, da ya ga abin nema ya samu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bi a hankali. Na ji an ce ɓeran cikin nan har digiri gare shi."

Ta buɗe. Hedimasta ya sunkuya ya shiga, ya haska da wayarsa. Ya daɗe a ciki har malamar aji ɗaya ta ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Sai ga muryarsa daga ciki, ta canza: "Ku zo. Ku zo ku gani, ɗaya bayan ɗaya."

Daga ƙasa har rufi ɗaurin takardu ne a jere, farare, a miƙe kamar an yi musu guga. Gwangwanayen madara sama da arba'in, kowanne cike da fensira a tsaye, an jera su tsawo-tsawo. Buhu guda na magogi. Kwali biyu na alli, fari daban, mai launi daban. Rula a ɗaure kamar itacen girki. Malamin lissafi, wanda ya taɓa tambayarta me za ta yi da takardu, ya ɗaga ɗauri ɗaya ya auna a hannu, ya dubi rufi yana motsa baki, sannan ya kama kansa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, littafi biyu-biyu ga kowane yaro, har da saura! Wallahi har da saura!"

Malamar aji ɗaya ta rangaɗa guɗa ta cikin takunkumi. Babban masu feshi ya sauke tankinsa ya ce, "Iya, ni ma ina da uku a gida." Hedimasta ya fito, hularsa duk yanar gizo, ya tsaya gaban Inna. Ita ta riga shi magana: "Ashanar fa, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Inna, ɗan hakin da ka raina. A yafe min."

Daga ranar makarantar ta koma masana'anta. Kwana uku aka shanya komai a filin ƙwallo, rana ta dake shi ciki da bai, aka goge fensira da ruloli da ruwan magani. A rana ta biyu iska ta taso ta kwashi wani ɗauri, sai ga Hedimasta da mai gadi suna tsere a fili suna cafkar takardu. Waɗanda suka gani sun ce Hedimasta ne ya yi na ɗaya.

Inna ce ta koya wa malamai ɗinkin littafi. A ƙirga shafi arba'in, a daidaita baki, a sa bangon kwali ko tsohuwar kalanda, a huda gefe da ƙusa wuri uku, a bi da basilla da zare riɓi biyu, a ƙulle a tsakiya. Malamin lissafi ya soke yatsa sau huɗu kafin ya iya. Gajerun fensiran nan marasa lafiya kuwa, sai ta ɗauko rubutattun shafuka, ta nannaɗe su tam a gindin fensirin da ɗan gam, ya zama mariƙi. Fensirin da bai kai yatsa ba sai ga shi ya cika hannu. Wani kafinta, uban yara biyu a makarantar, ya yayyanka saman karyayyun tebura da silin da ya faɗo, ya shafe su da baƙin fenti, suka zama allunan gida.

Ana cikin haka ne abin da ya kusa ɓata aikin ya taso, kuma ba wanda ya hango shi sai ita. Malamai sun zauna suna rubuta sunan kowane yaro a 'yar takarda suna mannawa a fensir, da magogi, da rula. Aiki mai kyau, rubutu kamar na inji. Inna ta daɗe tsaye tana kallo, sannan ta kwashi fensira biyar ta zube gaban malamar aji ɗaya.

"Malama, wanne ne nawa?"

"To ai Inna, sai a duba suna."

"Duba min. Ni da ɗan ajinki duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Wanda ma ya iya, wata bakwai yana gida, kin san abin da ya rage a kansa? Fensira biyu za su faɗi ƙasa, kowa ya ɗauki na kusa, ya kai baki. Kin taɓa ganin yaron da bai tauna fensir ba? Ni ce nake tsintar su, na san haƙoran kowane aji."

Gaskiya ce tsirara, kuma ita ce ainihin abin da jami'in lafiya zai zo dubawa. Hedimasta ya ce, "To Inna, mene ne abin yi?"

"Ka ce kyauta za ka raba, ko?"

"Eh mana."

"A'a. Abin da aka samu a banza, a banza yake tafiya. A sa masa farashi. Kowace uwa ta kawo kamu biyu na tsohon zanenta, wanda take ɗaurawa a gida. A ciki za a fitar da jaka, da takunkumi, ragowar a yayyanka a ɗaura wa fensir da rula, a soka a magogi, a liƙa a bangon littafi da kusurwar allo. Yaro zai iya manta harafin sunansa. Ka taɓa ganin yaron da ya manta zanen uwarsa?"

Malamin lissafi ya ce daga baya, a duk shekarunsa na koyarwa bai taɓa ganin an warware lissafi da sauri haka ba.

Labari ya zaga unguwa kafin la'asar. Iyayen da kunya ta hana su zuwa karɓar sadaka, sai ga su sun fito, don wannan saye ne, ba roƙo ba. Aka zana da'irori da alli a ƙasa, kowace uwa ta tsaya a tata, zane a wanke a hannu. 'Yar Inna tela ta kawo kekenta barandar makaranta, ta jawo abokan sana'arta uku. Ana tsoma ƙyalle a tafasasshen ruwa, ana shanyawa, ana guga, kekuna suna ta ruri. Igiyoyin shanya suka cika fili da launi, kai ka ce kasuwar atamfa ce ta yi ƙaura. Uwa mai 'ya'ya uku, sai a bambanta musu da launin zaren baki. Mata biyu suka zo da zane iri ɗaya sak, kowacce ta ce ita ta riga saye. Inna ta ce, "Ku duka kun yi arha," ta sa aka yi wa ɗaya jan baki, aka wuce wurin da dariya.

Ranar Asabar da hantsi, jakunkuna ɗari biyu da goma sha uku suna rataye a ƙusa. Saura ɗaya.

Sai ga wani direban motar haya ya shigo, riƙe da hannun 'yarsa ta aji biyu. Ya tsaya a da'irar ƙarshe, hannunsa ɗaya ba komai. Tela ta ce, "Malam, ina ƙyallen?" Ya sunkuyar da kai. Wata maƙwabciyarsa ce ta faɗa a hankali: matarsa ta rasu a wata na huɗu na kulle. Akwatin kayanta yana nan a rufe, ya kasa buɗewa.

Nan da nan mata suka fara miƙo ragowar nasu. Inna ta ɗaga hannu. Ta san ƙyallen wata uwar zai rikita yara biyu, kuma yarinyar za ta yini tana kallon zanen da ba ta sani ba. Sai ta tsugunna daga nesa kaɗan, ta ja takunkuminta ƙasa na ɗan lokaci, ta mayar.

"'Yar nan, kin san ni?"

Yarinyar ta leƙo daga bayan ƙafar babanta. "Ke ce Inna mai kifi."

"Wane kifi?"

Ta nuna zanen da yatsa. "Na ƙirga su rannan. Ashirin da ɗaya ne a gaba."

Inna ta miƙe, ta ce wa 'yarta, "Ba ni almakashi." Tela ta matso ta rage murya: "Inna, shi ne fa na ƙarshe a turmin da Baba ya saya miki." Inna ta ce, "Na sani. Shi ma da yana nan da ya riƙe min bakin." Ta shiga sito, ta ja ƙofa. Da ta fito, zanen da ke zagaye ta sau biyu ya koma sau ɗaya da 'yan kai, ta rufe giɓin da ƙyallen aljihunanta, kamu biyu na kifaye a hannunta. Direban ya juya fuskarsa bango. Mai gadi, wanda bai taɓa rasa abin tsokana ba, ranar sai ya tafi duba sakatar da ba abin da ya same ta.

Ranar Litinin, tun kafin ƙarfe bakwai layi ya kai bakin titi. Yara suna tsalle a cikin da'irorinsu, kowa jakarsa da takunkuminsa iri ɗaya, suna nuna wa juna daga nesa: "Ka ga na Mamana!" Aka kaɗa ƙararrawa, karo na farko a wata bakwai, ihun da aka yi sai da tantabaru suka tashi daga rufi.

Ƙarfe tara jami'in lafiya ya iso. Dogo ne, ba ya dariya, kuma an ce a safiyar nan ya riga ya hana makarantu biyu buɗewa. Ya duba bokitan wanke hannu, ya auna tazarar benci. Ya ɗauki littafi ɗaya da safar hannu, ya juya shi, ya ga wani shafi ya fi wani fari, ya ce, "Tsofaffin kaya ne." Hedimasta ya yi bayanin shanya da gogewa. Jami'in ya wuce, ya shiga aji biyu. Inna tana bayan taga da tsintsiyarta, tana sharar wurin da ta riga ta share.

Ya ce a fitar da yaran su wanke hannu. Da ajin ya zama ba kowa, ya ɗauki fensir daga wani benci ya ajiye a ƙasa, a tsakiyar hanya, inda kowa zai bi. Yara suka dawo a layi. Ta farko ta gan shi, ta ja birki, ta mayar da hannayenta baya. Na bayanta suka leƙo. Sai ajin ya ɗauka baki ɗaya:

"Na mai kifi ne! Mai kifi, ga fensirinki!"

'Yar direba ta taho daga ƙarshen layi, aka dare mata, ta ɗauki abinta ta zauna. Ba wanda ya taɓa shi.

Jami'in ya ce wataƙila dace ne. Ya tafi aji ɗaya, wurin waɗanda ba su san alif ba balle sunansu, ya gwada da magogi. "Na mai ganye ne!" Ya gwada da rula. "Na mai ɗigo-ɗigo ne, amma mai jan baki!" A nan ne aka ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake a bayan takunkumi. Ya juya ga Hedimasta ya ce, "Malam, wane kwas ka je aka koya maka wannan?"

Hedimasta ya nuna taga. "Ga farfesar can."

Inna ta so ta sulale, mai gadi ya tare hanya da sandarsa. Jami'in ya fito har inda take, ya rusuna, ya ce, "Iya, a wace makaranta kika yi karatu?" Ta ce, "A nan, ɗana. Aji goma sha biyu nake shiga kullum, sai dai ina shiga ne kafin malam ya zo." Ya sa hannu a takardarsa a kan bayan bokitinta. Rabin farko suka shiga ranar, rabi na biyu ranar Alhamis, kuma cikin ɗari biyu da goma sha huɗun nan ba a mayar da ko ɗaya daga bakin ƙofa ba.

Inna, ke ce kika tsugunna shekara da shekaru a kan abin da kowa ya tsallake. Ke ce aka yi wa dariya kika mayar da dariya, ba ki fasa ba. Ke ce mai auna fensir da yatsa, uwar marasa lafiyar da suka warke. Yaran nan da yawansu a gida suka ƙarasa shekarar, a kan tabarma, allon kafinta a cinya, guntun allinki a hannu. Uwa tana girki tana leƙen littafin da aka yi wa bango da zanenta. Ba ki saya musu komai ba. Abin da suka yar ne kika riƙe musu amana har ranar da suka buƙace shi.

Sannu da aiki, Inna. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa gwiwoyin nan da suka sha tsugunno su huta. An ce kin riga kin damƙa makullin sito ga wadda za ta gaje ki, kin kuma sa ta auna ƙaramin yatsanta da naki don kada ma'auni ya canza. Mai gadi kuwa yana ta cika baki wai yanzu zai yi barcinsa lafiya; ba wanda ya yarda da shi.

Mu kuma da muke karanta wannan, annoba ta wuce, amma tsadar littafi ba ta wuce ba. Kafin a jefar da littafin yaro a ƙarshen shekara, a buɗe bayansa a duba. A ajiye gwangwani ɗaya a aji, ɗaya a gida. In an ga mai shara a tsugunne, a gaishe ta da kyau, a tambaye ta abin da ta gani, don ta ga abin da ba a gani daga kan tebur.

Kin ce ba ki san abin da aka rubuta ba, Inna. To wannan naki ne, kuma a ɗaya daga cikin littattafan da kika ɗinka aka fara rubuta shi, mai bangon kalanda. Ranar sallamarki za a karanta miki shi a gindin bishiya, daga farko har ƙarshe. Wadda za ta karanta tana aji shida yanzu, ita ta roƙa da kanta. Za ki gane ta tun daga nesa: har yau akwai kifi ɗaya ɗaure a gindin bironta.